Tara da Nema

A duk faɗin Afirka, har da Turai idan aka tsananta bincike, babu mutumin da ya kai Malam Gwadabe na Soron Ɗinki sanin tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Tsibiri. Ba a jayayya a kan wannan, domin babu wanda ya taɓa neman yin takara da shi. Ƙasar tana da sunanta na gaskiya, dogo, wanda mutanen unguwa suka gwada faɗa sau biyu suka haƙura, aka bar ta a Tsibiri. Tana can tsakiyar teku, kuma a binciken Malam Gwadabe, idan aka kwashe mutanenta kaf aka zuba su a kasuwar Kurmi ranar jajiberin salla, ba za a lura an yi baƙi ba.

Da safiyar wannan Asabar, mako uku da komawar sojoji bariki, yana zaune a tsakar gida yana goge bangon wani baƙin littafin rajista da gefen rigarsa. Matarsa Kulu ta ajiye masa koko, ta tsaya tana kallonsa.

"Yau ne ranar littafin ke nan, Malam?"

"Yau ne ranar gaskiya."

"Shekara goma sha ɗaya kana bin bawan Allahn nan da biro. Ranar haihuwar 'ya'yanka ma sai ka tambaye ni."

"'Ya'yana ba su taɓa yaudarar jama'a ba."

Bawan Allahn shi ne Isyaku. Tare suka taso, tare suka yi makarantar horon malamai, tare suka buga wa Taurarin Soron Ɗinki ƙwallo: Gwadabe a baya yana hana a ci su, Isyaku a gaba yana ci ana ɗaga shi sama. A shekarar tamanin da takwas gwamnati ta nemi malamin wasanni guda ɗaya da za a tura ƙasar waje. Su biyun suka je ganawa. Gwadabe ne ya amsa tambayoyin daidai, kamar yadda shi da kansa ya sha bayar da shaida, amma Isyaku aka ɗauka. Aikin na shekara biyu ne. Bai cika shekara ba kocin ƙasar ya gudu, aka duba duk tsibirin aka ga mutum ɗaya ne ke da usur da takardar shaida. Tun daga nan ake kiran mahaifiyarsa Uwar Kocin Ƙasa.

Gwadabe ya zauna a gida. Da safe yana koyar da lissafi a firamare, da yamma yana horar da Taurari a filin makarantar, shekara goma sha tara ba fashi. A tsakani yake gudanar da bincikensa. Yana zuwa laburare ya duba ƙananan rubutun da ke bayan mujallun wasanni na waje, waɗanda ke isowa bayan wata uku. Yana murɗa rediyo har sai ya kamo tashar da ke karanto sakamakon ƙasashen da ba a damu da su ba. Idan wasiƙar Isyaku ta zo, shi mahaifiyar ke aikawa a kira ya karanta mata. Yana karantawa yana haddace abin da yake bukata. Duk ƙwallon da aka zura wa Tsibiri tana cikin littafin nan, da jan biro, an ja mata layi da rula.

Yanzu Isyaku ya dawo gida, kuma sabon kansilan mazaɓa, Honorabul Baffa, ya sanar cewa za a karrama shi bayan la'asar, a kuma damƙa masa Taurari.

"To, in dai sai ka karanta," in ji Kulu, "ka faɗi jimilla kawai ka zauna. Wasa kaza, an ci su kaza. Ya ishe su."

"Ke ba ki san aikin tarihi ba. Tarihi da kwanan wata ake karanta shi, ɗaya bayan ɗaya. Na fari a fari, na ƙarshe a ƙarshe."

"Ni dai ranar da na ɗaga shi zan share ƙarƙashin gado na leƙa. Na ga kamar lambobin suna ƙanƙancewa in ana yin ƙasa."

"Ki bar taɓa mini littafi."

"Kokonka zai huce."

Da hantsi ya ɗauki bokitin farar ƙasa ya tafi filin. An yi ruwa shekaranjiya, layukan sun wanke, kuma bayan bikin akwai wasan sada zumunta da wata ƙungiya daga Shahuci. Yana sunkuye yana jan layin gefe sai ya ga wasu fararen takalman wasa sun tsaya a gabansa, irin waɗanda ba su taɓa taka taɓo ba. Ya bi su da kallo zuwa sama: wandon motsa jiki shuɗi, riga mai tambarin kifi a ƙirji, tumbi madaidaici, baƙin tabarau.

"Gwadabe! Har yanzu da hannu kake jan layi? A can wata 'yar keke ce muke turawa."

"A nan ma muna da keke. Hawa muke yi."

Isyaku ya yi dariya ya rungume shi, bai damu da farar ƙasar da ta shafe masa riga ba. Wannan ma ya ɓata wa Gwadabe rai, don ya nuna yana da wata rigar. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka yi wa waɗanda suka rasu addu'a. A cikin minti goma Isyaku ya ce "a can" sau bakwai. A can ana cin kifi da safe. A can minista a kan babur yake zuwa ofis. A can filin ƙasa yana bakin ruwa, idan aka buga ƙwallo da ƙarfi sai an shiga kwalekwale.

Sai ya cire tabarau ya sassauta murya.

"Maganar Taurarin nan. Wallahi ban nema ba, Baffa ne ya matsa. Ni hutu na zo yi, gwiwata ma ta ƙi. Yaran nan naka ne. Ka ce in bari, yanzu in je in ce masa na gode."

Gwadabe ya miƙe tsaye sosai. Kalma ɗaya ce ake bukata, kuma tana bakinsa. Amma idan ya faɗe ta, ƙungiyar za ta zama kyauta daga hannun Isyaku, littafin kuma ya koma ƙarƙashin gado ba wanda ya ji abin da ke ciki.

"Zamanin naɗi da sauka a ɓoye ya wuce," in ji shi. "Mulkin farar hula ake yi. Na gaya wa Honorabul, a karanta wa jama'a tarihin aikinka, sannan su ɗaga hannu su zaɓa."

"Tarihin aikina? Wa ke da shi?"

"Za a samu."

Bayan la'asar fili ya cika. An kafa rumfa guda, an jera kujerun roba, an ɗaura lasifika a jikin bishiyar darbejiya. Dattawa suna gaba, 'yan wasa suna zaune a ƙasa cikin rigunansu, mata suna leƙowa ta saman katangar makaranta. Honorabul Baffa ya iso a makare cikin babbar riga mai sabon guga. Har watan jiya tayoyin babur yake sayarwa, kafin nan kuma ya yi aji huɗu sau biyu a hannun Malam Gwadabe. Ya yi jawabi a kan romon dimokuraɗiyya, ya ce daga yau ko ƙwallo za a buga sai an ji ra'ayin talaka. Sannan ya ce, "Malamina, bismilla."

Gwadabe ya tsaya gaban makirfo, usur ɗinsa na ƙarfe yana rataye a wuya. Ya buɗe shafin farko.

"Kafin in fara, ga ƙa'idar littafin nan. Duk wanda yake koci ranar da aka buga wasa, sakamakon nasa ne. Ko jiya aka naɗa shi. Ba uzuri."

Dattawa suka gyaɗa kai. Ƙa'ida ce mai kyau. Ya kafa ta ne saboda wasan farko, wanda aka buga kwana biyu da ba Isyaku aikin.

"Sha huɗu ga Maris, alif ɗari tara da tamanin da tara. Koci, Isyaku. An ci Tsibiri tara da nema."

Fili ya fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Golan nasu salla ya tafi?" Isyaku ya sunkuyar da kai. Gwadabe ya ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa, irin wanda ya shekara goma sha ɗaya yana jira. Ya bar dariyar ta gama kanta.

"Ashirin da biyu ga Yuli. Takwas da nema. Uku ga Disamba. Bakwai da nema."

Aka sake dariya, amma ba kamar ta farko ba. Sai ya ga ya kamata ya ƙara gishiri daga bayanan da yake rubutawa a gefen shafi.

"Don jama'a su san irin ƙungiyar da ake kira ta ƙasa: shida daga cikin 'yan wasan masunta ne. Mai tsaron gida wanzami ne. Kyaftin ɗinsu mai raba wasiƙu ne, sai ya tashi daga aiki ake fara atisaye."

"Allah sarki," in ji wani tsoho a layin gaba, wanda shi ma wanzami ne.

"Tara ga Yuni, shekarar casa'in. Bakwai da ɗaya."

"Sun ci ɗaya!" Nata'ala ne ya yi ihun, kyaftin ɗin Taurari, tela mai 'ya'ya uku. "Masunta sun ci ɗaya!"

Aka yi tafi. Gwadabe ya ɗaga kai ya dube su yadda yake duban aji idan an yi dariya ba a wurin dariya ba. Ya ci gaba. Shida da nema. Biyar da ɗaya. Biyar da nema. Huɗu da ɗaya. Wajen shafi na uku ya lura fili ya yi tsit, irin tsit ɗin da ake yi idan za a buga fenariti. Masu sayar da rake sun daina fere. Idan ya ce huɗu sai ya ji ana cewa "saura uku." Da aka zo wani wasa da aka koma shida da nema, jama'a suka yi "kash!" gaba ɗaya, wani ya ce lallai alƙalin wasa ne ya cuce su.

A nan ne maganar Kulu ta faɗo masa. Yana iya tsallake shafi biyu, ya faɗi jimilla, ya zauna. Ya kai yatsa ƙasan shafin. Amma shekara ashirin da huɗu yana dukan teburi a kan yaran da ke tsallake layi a lissafi, kuma yatsan ya ƙi. Ya koma inda ya tsaya.

"Uku da ɗaya. Biyu da nema. Biyu da ɗaya. Sha ɗaya ga Agusta, casa'in da shida." Ya yi gyaran murya. "Ɗaya da ɗaya. Kunnen doki."

Wata mata ta rangaɗa guɗa daga saman katanga. 'Yan wasa suka miƙe tsaye. Daga nan kuma ba a sake zama ba. Ya karanta sauran da sauri, da murya ƙasa-ƙasa, amma lasifikar haya ce, an biya ta ne don ta ƙara murya. Da ya iso biyu ga Mayun bara, ranar da Tsibiri ta ci wata maƙwabciyarta ɗaya da nema, aka yi kabbara har sau uku. Wanzamin layin gaba ya cire hula yana share ido da ita.

"Jimilla," in ji Gwadabe, "wasa talatin da ɗaya. An ci su ashirin da huɗu. Ashirin da huɗu, jama'a!"

Babu wanda ya ji. An riga an ɗaga Isyaku sama, da gwiwarsa da tumbinsa, kamar yadda aka saba tun yana ɗan shekara goma sha bakwai.

Da aka sauke shi Honorabul Baffa ya karɓi makirfo yana haki.

"Jama'a, kun ji abin da ake kira ci gaba! Daga tara, zuwa bakwai, zuwa biyu, zuwa babu! Haka za mu yi wa matsalar ruwan famfo a mazaɓar nan, da yardar Allah. Amma dimokuraɗiyya adalci ce. Mun ji na ɗan takara ɗaya. Malam, yanzu karanto mana na Taurari."

"Na'am?"

"Tarihin Taurari. Shekara goma sha tara. Yana shafi na nawa?"

Gwadabe ya dubi littafin. Ya san ranar da mai raba wasiƙun Tsibiri ya karye a ƙafa. Ya san sunan wanzamin da sunan wanda ya gaje shi. Taurari sun ɗauki kofin unguwanni, wannan tabbas ne, kofin yana kan kabad ɗin Kulu da zare da allura a ciki. Sau biyu ne ko sau uku?

"Mun ci kofi," in ji shi. "A shekarar... shekarar da aka yi ruwan nan mai yawa."

"Shekarar da katangar gidan Alhaji Sule ta faɗi," wani ya taimaka.

"A'a, bayan nan ne," in ji wani.

"Ba a rubuta ba ke nan," in ji Honorabul, cikin tausayi. Tun yana aji huɗu yake jiran ranar da zai tambayi Malam Gwadabe abin da bai sani ba, amma ya yi ƙoƙari bai nuna ba.

Aka ɗaga hannu. Ba a bukaci ƙirgawa ba, amma an ƙirga, don a saba. Gwadabe ya samu hannu biyar: Nata'ala, da wasu 'yan baya guda uku, da Isyaku. 'Yan wasan da suka zaɓi sabon koci sun yi hakan ne suna kallon ƙasa, hannu a sama, kamar masu neman izinin fita.

Isyaku ya zo ya kama hannuwansa biyu. Ya cire tabarau, idanunsa sun yi ja.

"Gwadabe, ka san ko hukumar ƙwallo ta can ba ta da wannan? Ruwa ya shiga ofishinsu ya cinye takardun. Ni kaina na manta rabinsu. Akwai daren da na zauna bayan an ci mu takwas, na ce duk duniya babu wanda ya san ina raye. Ashe kana nan kana bi na wasa-wasa. Ɗan'uwa na jini bai yi mini haka ba."

Gwadabe ya buɗe baki. Bayanin yana da tsawo, kuma lasifika tana kusa.

"Ba komai," in ji shi.

Honorabul, wanda ba ya son a tashi taro wani bai samu muƙami ba, ya sanar nan take cewa an naɗa Malam Gwadabe Sakataren Tarihi na Taurarin Soron Ɗinki, tunda an ga inda baiwarsa take. Aka yi tafi. Sannan aka jira. Sai da Nata'ala ya taɓa wuyansa da yatsa Gwadabe ya gane abin da ake jira. Ya cire usur ɗin. Igiyar ta yi baƙi da gumin shekaru, ta maƙale a kunnensa kafin ta fita.

Aka take wasa da 'yan Shahuci, minti talatin-talatin saboda magariba. Isyaku ya tsaya a bakin layi, bai san sunan kowa ba, yana kiran 'yan wasa da launin takalminsu. Gwadabe ya zauna a kujerar roba a ƙarshen rumfa, littafi a cinya. Ƙwallon farko daga bugun kusurwa ta zo: Nata'ala ya yi kamar zai karɓa ya bar ta ta wuce, na bayansa ya sa kai. Damina uku Gwadabe ya yi yana koya musu wannan, har ya taɓa korar mutum biyu gida a kanta. Ta biyu ma haka. Ta uku golan Shahuci ne ya taimaka. Sau biyu hannunsa yana kaiwa ƙirji neman usur, yana tarar da maɓallin riga.

"Uku da nema!" Honorabul yana faɗa a lasifika. "Awa ɗaya kacal da kama aiki! Kun ga bambancin ƙwararre?"

Hadari ya fara haɗowa ta gabas, jama'a suka bi Isyaku zuwa ƙofar makaranta. Gwadabe ya buɗe sabon shafi. Ya ciro rula daga aljihu ya ja layuka huɗu: kwanan wata, abokan karawa, koci, sakamako. Ya rubuta sha tara ga Yuni. Ya rubuta Shahuci. Ya rubuta uku da nema, da shuɗin biro, don jan bai dace ba.

Nata'ala ya tsaya a kansa yana goge fuska da riga.

"Malam, wannan ai naka ne. Kowa ya sani. Mutumin nan Mai Jan Takalmi yake ce mini. Sa sunanka, wa zai duba?"

Gwadabe ya juya baya zuwa shafin farko, inda ƙa'idar take a sama da manyan baƙaƙe, an ja mata layi biyu, tara da nema tana ƙarƙashinta. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya dawo sabon shafin, ya daidaita biro, ya rubuta Isyaku, da kyakkyawan rubutun nan nasa da ake ba yara misali da shi.

Ya hura tawadar ta bushe, ya rufe littafin ya sa a hammata. Bokitin farar ƙasa yana nan gindin darbejiya inda ya bar shi da hantsi. Ba a faɗi ko aikin wane ne ɗaukarsa a sabon tsari ba. Ya duba hagu da dama, ya ɗauka, ya bi ta ƙaramar ƙofa.